Ƙarin ruwa a tiyatar ƙwaƙwalwa: ba kowace leda ake ratayawa ba

Mu mutanenmu Allah Ya yi mu da son ƙarin ruwa. Mutum ya yi zazzaɓin kwana biyu a kai shi asibiti ko kyamis, in dai ba a rataya masa leda ba to gani ake kamar ba a yi masa komai ba, har ka ji ana cewa "ai ko ruwa ba su sa masa ba fa". A yawancin ciwuka jiki yana iya ɗauka, ƙoda ta tace ta zubar da rarar, shikenan. Amma akwai wajen da wannan son ruwan namu yake ɗaga min hankali, wato wajen wanda za a buɗe wa kai a ciro masa ƙari daga ƙwaƙwalwa. Ni a ɓangaren masu sa barci nake aiki a ɗakin tiyata, kuma a aikin kai ba a wajen kan mara lafiya muke tsayawa ba kamar yadda muka saba a sauran ayyuka, kan na likitan fiɗa ne, mu muna can gefe ko wajen ƙafa, mayafai sun rufe komai ba ma ganin fuskarsa, abin da ke gabanmu kawai na'ura ce da ledojin ruwa da jakar fitsari. To a nan ne rabin yaƙin kumburin da ake tsoro bayan aiki yake, shi ya sa nake so masu jinya da ƙannenmu ɗaliban nas su fahimci me muke yi da ruwan nan.

Abu na farko, ƙoƙon kan babba a rufe yake ruf, ba ya miƙewa. Abu uku ne a ciki: ita ƙwaƙwalwar wadda ta cinye kusan kashi 80 cikin 100 na wajen, sai jini, sai ruwan da ke zagaye ƙwaƙwalwa da laka, kowannensu wajen mililita 150 a babban mutum. In ɗaya ya ƙaru dole wani ya ragu, in kuma babu sauran abin da zai ragu sai matsi ya hau. Wasu likitoci biyu na Edinbara a Sikotilan, Monro a 1783 da Kellie a 1824, su suka fara bayanin nan kuma har gobe da sunansu ake kiransa. Matsin cikin kai na mai lafiya bai cika wuce 15 ba a ma'aunin da muke amfani da shi, in ya haura 20 ya zauna a nan to an shiga damuwa, don jinin da zuciya ke turowa sai ya rinjayi wannan matsin kafin ya samu shiga. Hannu ko ƙafa in suka kumbura fata za ta ba su wuri. Ƙwaƙwalwa ba ta da inda za ta je sai dai ta danne kanta, in abin ya yi tsanani ta tura ƙasa wajen da ke riƙe da numfashi.

Shi kuma mai ƙari, tun kafin ya zo hannunmu ya riga ya cinye ɗan sararin da yake da shi. Ga ƙarin, ga kumburin da ke kewaye da shi saboda jijiyoyin jinin wajen sun zama masu yoyo. Kuma mu a nan gaskiya a makare ake zuwa, an yi shekara ana shan maganin ciwon kai, an yi na gida, an ce iska ce, an ce jifa ne, sai ido ya fara mutuwa ko an fara farfaɗiya sannan a yi hoton kai, ka ga ƙarin ya riga ya yi girma sosai. Irin wannan kan, kuskure kaɗan a ruwa yana nunawa.

Yanzu ga abin da ya bambanta ƙwaƙwalwa da sauran jiki. Ƙananan jijiyoyin jinin da ke cikinta a ɗinke suke sosai, akwai shinge tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, ruwa zalla yana ratsa shi cikin sauƙi amma gishiri, wato sodiyam, ba ya wucewa haka nan. To shi ruwa ɗabi'arsa bin gishiri, duk ɓangaren da ya fi gishiri can yake tafiya. Duk wadda ta taɓa barbaɗa gishiri a yankakkiyar albasa ta ga yadda take tsattsafo da ruwa ta yi laushi, to haka abin yake. In jini ya fi ƙwaƙwalwa kauri da gishiri zai zuƙo ruwa daga cikinta ta saɓe. In kuma ka tsinka jinin da ruwa mara gishiri, ruwan zai tsallaka cikin ƙwaƙwalwa ta kumbura. Ba yau aka gano wannan ba, tun 1919 wasu masu bincike biyu a Johns Hopkins ta Amurka, Weed da McKibben, suka gwada a kan kyanwoyi, suka ga in an sa musu ruwan gishiri mai kauri a jijiya ƙwaƙwalwar tana tsukewa, in an sa ruwa tsura tana kumbura. Duk abin da muke yi yau a kan wannan aka gina shi.

Saboda haka tambayar da muke fara yi ita ce wane irin ruwa ne, kafin a zo maganar leda nawa. Kaurin jinin mutum, wato yawan gishiri da sauran abin da ya narke a cikinsa, yana tsakanin 285 da 295 a ma'auninmu. Nomal salin, wanda za ka ga an rubuta 0.9% a jikinsa, sodiyam ɗinsa 154 ne a lita, kaurinsa 308, ya ɗan ɗara jini, shi ya sa ya daɗe yana zama abokin tafiyar masu tiyatar kai, ga araha ga shi ko'ina akwai. Amma shi ma yana da nasa aibin, kuloraid ɗinsa, wato abokin haɗin sodiyam a cikin gishiri, ya yi yawa, in aiki ya yi tsawo aka zuba lita da yawa jini yana yin tsami kuma ƙoda ba ta jin daɗinsa. Ruwan Ringa, wanda ake yawan sa wa masu haihuwa da masu gudawa, sodiyam ɗinsa 130 ne, kaurinsa 273 a rubuce, ya gaza jini kenan. Leda ɗaya ko biyu ba za su kawo matsala ba, amma ba a mai da shi ruwan da za a yi ta antayawa a aikin kai. Akwai Plasma-Lyte da ire-irensa, sodiyam 140 kauri 294, kusan daidai da jini, ni a ganina shi ya fi dacewa da dogon aiki, sai dai tsada da kuma ba kullum ake samu ba. Abin da da yawanmu ke yi kenan, a gina a kan nomal salin, a dinga duba gishirin jini ana gyarawa.

Wanda nake so kowa ya riƙe sunansa shi ne ruwan sikari, dekstros 5%, wanda mutane ke ce wa ruwan ƙarfi. Wallahi a tiyatar ƙwaƙwalwa wannan ruwan ba ƙarfi yake kawowa ba. Yana shiga jiki ya ƙone sikarin, abin da ya rage ruwa ne tsura babu gishiri ko ɗigo, kai tsaye sai cikin ƙwaƙwalwa. Ga kuma illa ta biyu, sikari in ya hau a jini yana ƙara lalata ɓangaren ƙwaƙwalwar da jini bai ishe shi ba. Ba ma sa shi sai in mun auna mun ga sikarin mara lafiya ya faɗi, ko a jarirai da masu ciwon sikari da ke kan insulin, shi ma da lissafi.

Me ya sa nake nanata wannan ga masu jinya, alhali ba su ke rataya ruwa ba? Don a asibitocinmu sau da yawa su ake ba takarda su je su sayo. Na sha ganin an rubuta nomal salin, ɗan'uwa ya je kyamis, mai shago ya ce babu amma ga wannan duk ɗaya ne har ma ya fi ƙarfi, ya haɗo shi da ruwan sikari ko wanda aka gauraya sikari da ɗan gishiri kaɗan. Ledojin kuma kamarsu ɗaya, rubutun ne kawai ya bambanta. Dan Allah in an rubuta muku abu, in babu ku dawo ku faɗa, kar ku yarda a canza muku. Mu ma nas-nas, cikin dare ga gajiya ga ƙarancin haske, a karanta jikin leda kafin a rataya, ko da kuwa wani ne ya miƙo maka ita.

To tunda ruwa na kumbura kai, me zai hana a hana shi ruwan gaba ɗaya? Ai an yi wannan zamanin. Shekaru da yawa koyarwar ita ce a bar wanda za a yi wa aikin kai a bushe, a rage masa ruwa sosai, har yanzu za ka samu masu wannan tunanin. Daga baya aka gane ribar kaɗan ce, hasarar kuma babba. Wanda ya bushe jininsa faɗuwa yake, musamman da zarar an ba shi maganin barci, in jini ya faɗi ƙwaƙwalwar da dama a matse take ba ta samun abin da ya ishe ta, sai a gama aiki lafiya ƙari ya fita amma mutum ya tashi da shanyewar ɓarin jiki, ko ƙoda ta tsaya. Kuma kar a manta yadda suke zuwa mana, wani ya yi sati yana amai, bai ci bai sha tun daren jiya, ga zafin garinmu. Shi ya sa ma yanzu ƙa'idar da aka fi bi ita ce abinci a tsaya awa 6 kafin aiki, ruwa fari kuma ana iya sha har zuwa awa 2 kafin, in dai likita bai hana ba saboda wani dalili. Abin da ake nema shi ne jijiyoyi su kasance a cike daidai, kar a bushe kar kuma a yi ambaliya, abin da ya fita a mayar da kwatankwacinsa da ruwan da bai gaza jini gishiri ba.

Faɗarsa da sauƙi, yinsa ne aiki. Aikin ƙari yana iya cin awa 5, 8 ko fiye, kuma jinin da ke zuba ba duka kake gani ba, wani yana cikin kwalbar zuƙa a gauraye da ruwan da likita ke wanke wajen da shi, wani ya jiƙe mayafai, wani yana cikin leda a ƙarƙashin kai. Sai ka dinga tambayar nas ɗin da ke miƙa kaya ruwan wanki nawa aka zuba ka cire daga abin da ke kwalba. Inda akwai kayan aiki ana sa siririyar roba a jijiyar wuyan hannu mai harbawa, tana nuna awon jini bugu bayan bugu, kuma daga yadda layin ke hawa da sauka tare da numfashin na'ura ana gane ko zuciya na neman ƙarin ruwa, in bambancin ya haura wajen kashi 13 cikin 100 sai a ba da kaɗan, kamar mililita 250, a tsaya a ga yadda jiki ya amsa, in ya gyaru a dakata. Wannan bayarwa kaɗan-kaɗan ana dubawa ita ce ta fi, nesa ba kusa ba, a kan a buɗe leda a bar ta tana gudu. Inda babu wannan na'urar kuma sai ka koma ga bugun zuciya, awon jini, ɗumin yatsu, fitsari, da idonka a kan filin aikin. In kuma jini ne ya zuba da yawa, kamar yadda ake gani a maninjiyoma, ƙarin da ke fitowa daga rigar ƙwaƙwalwa, to jini ake mayarwa, ruwa ba ya ɗaukar iska ya kai wa ƙwaƙwalwa. Shi ya sa muke matsa wa dangi a tanadi jini tun kafin ranar.

Sai manitol. Wannan shi ne ruwan da ake sawa da gangan don ya tsotse ƙwaƙwalwa. Tun farkon shekarun 1960 ake amfani da shi, kafin shi wani sinadari mai suna yuriya ake sawa. Yawanci mai ƙarfin 20% ne, ana lissafa shi da nauyin mutum, daga kwatan giram zuwa giram 1 a kowane kilo, a ba shi cikin minti 15 zuwa 20 daidai lokacin da likita ke huda ƙashi, don kafin ya yanka rigar ƙwaƙwalwa maganin ya fara aiki. Wanda bai taɓa gani ba ba zai gane daɗin abin ba. In kai a matse yake, ana ɗaga ƙashin za ka ga rigar a tamke tana sheƙi, ba ta motsi, likita ya ɗago ya ce mana "kai ya yi tauri fa". In komai ya tafi daidai kuwa, bayan ɗan lokaci sai ka ga ta saki, ƙwaƙwalwar ta ja baya kaɗan daga bakin ƙashi tana harbawa a hankali tare da zuciya, likita ya samu hanyar wucewa ba sai ya danne ta da ƙarfe ba. Kuma yawan dannewar nan da ƙarfe na cikin manyan abubuwan da ke kawo kumburi washegari, ka ga ashe aikin ruwa tun a nan yake rage matsalar gobe.

Amma manitol yana da sharaɗi. Duk ruwan da ya zuƙo ta fitsari yake fitar da shi, cikin awa ɗaya jaka ta cika da fitsari fari tas, wanda bai sani ba sai ya ce alhamdulillah ƙoda na aiki ruwa ya ishe shi, alhali bushewa yake yi. Dole a bi shi da mayarwa, a duba sodiyam da fotasiyam, wanda shi ma wani gishirin jini ne. In aka yi ta maimaita shi kwana da kwanaki yana iya taɓa ƙoda, kuma a inda shingen nan ya lalace yana iya tsallakawa ya taru a ciki ya koma jawo ruwa ta can. Wani abu kuma da muke gani lokacin hunturu ko in an ajiye shi a ɗaki mai sanyin esi, sai ka ɗaga kwalbar ka ga ƙanƙara-ƙanƙara kamar fasasshen gilashi a ƙasanta. Ba lalacewa ya yi ba, daskarewa ce, ana ɗumama shi a ruwan zafi har ya narke tas a bar shi ya huce. Kar a kuskura a rataya shi da ƙwayoyin nan a ciki.

Abokin takararsa shi ne ruwan gishiri mai kauri, 3%, sodiyam ɗinsa 513 a lita. Shi yana jawo ruwan daga ƙwaƙwalwa ya bar shi a cikin jini, bai cika sa fitsari kamar manitol ba, don haka ya fi dacewa da wanda jininsa ke ƙasa-ƙasa. Bincike da dama sun nuna yana sassauta ƙwaƙwalwa a lokacin aiki daidai da manitol ko ma ya ɗan fi. Matsalarsa a wajenmu sai kana da lab ɗin da zai ba ka sakamakon sodiyam da wuri, in sai bayan awa 6 za a kawo maka to da makanta kake tafiya.

Deksametazon kuma allura ce, amma ba a raba ta da wannan zancen. Tun 1961 Galicich da French a Jami'ar Minesota suka nuna yadda take rage kumburin da ke kewaye da ƙari, har yau za ka ga wanda aka kawo ba ya magana ya fara gane mutane bayan kwana ɗaya ko biyu da fara ta. Sai dai tana hau da sikari, dole a dinga aunawa. Kuma amfaninta na kumburin ƙari ne, ban da wanda ya bugu a kai a hatsarin mota ko babur. Wani babban bincike da aka buga a 2004 mai suna CRASH, da mutum sama da 10,000, ya nuna ba masu raunin kai irin wannan magani mai yawa ƙara mutuwa yake yi. Sauran dabarun kuma ƙanana ne amma suna aiki, a ɗaga kan gado kamar digiri 30, kar a murɗe wuya don jini ya samu hanyar sauka, a daidaita numfashi, a hana zazzaɓi da jijjiga.

Bayan an fito daga tiyata aikin bai ƙare ba, kumburi ma a kwana na 2 zuwa na 3 ya fi tsanani. A nan ne muke buƙatar dangi sosai. Akwai wani dattijo da aka yi wa ɗansa aiki, na shigo na tarar da shi da ɗan kofi a hannu yana ƙoƙarin ɗura masa zamzam, yaron kuma bai gama farfaɗowa ba. Na ce, "Baba, dan Allah a ɗan dakata, bai iya haɗiya ba tukun, zai iya sarƙewa ya tafi huhu." Ya ce, "'Yar nan, ai waraka ce." Na ce, "Haka ne Baba, ba hanawa za mu yi ba. A shafa masa a leɓe da goshi yanzu, in ya farka muka gwada haɗiyarsa ni da kaina zan kira ka ka ba shi, sai dai mu rubuta yawan abin da ya sha." Ya yarda, har ya zama shi ke tuna wa nas ta juye fitsari ta rubuta. Abin da muke roƙo kenan, zamzam ne, rubutu ne, kunu ne, a faɗa mana. Kar a taɓa ɗan tayan da ke jikin robar ruwa don an ga yana ɗiga a hankali, da gangan aka saita shi haka. Kar kuma a zubar da fitsari ba a auna ba.

Wannan awon fitsarin ya fi muhimmanci ga wanda aka yi wa aiki kusa da fituwitari, ɗan ƙullutun nan da ke gindin ƙwaƙwalwa, don ta nan sinadarin da ke sa ƙoda riƙe ruwa yake fitowa. In aka taɓa wajen yana iya tsayawa, mutum ya dinga fitsari lita-lita fari kamar ruwan famfo, ƙishirwa kamar ta kashe shi, sodiyam ya hau. Wannan a bar shi ya sha, a mayar masa, akwai kuma maganinsa desmofuresin. Wani kuma akasin haka ne, jiki ya riƙe ruwa sodiyam ya faɗi, ƙwaƙwalwa ta kumbura, shi rage masa ruwa ake yi. Akwai na uku wanda ƙoda ke zubar da gishiri da ruwa tare, a takardar lab kamarsa ɗaya da na biyun amma maganinsu kishiyoyi ne, in ka rage wa wannan ruwa ka cuce shi, gishiri da ruwa yake so. Kuma ko an ga sodiyam ya yi ƙasa ba a ɗaga shi da gaggawa, in ya daɗe a ƙasa ba a so ya hau fiye da 8 zuwa 10 a awa 24, gaggawar tana lalata wani sashe na ƙwaƙwalwa lalacewar da ba ta cika gyaruwa ba.

Faɗuwar sodiyam bayan aikin fituwitari sau da yawa sai wajen kwana 5 zuwa 10 take bayyana, lokacin an riga an sallami mutum yana gida ana ta zuwa barka ana ɗura masa ruwa da lemo. In ya fara ciwon kai sabo, tashin zuciya, amai, yawan barci ko ruɗewa, kar a kira mai kyamis ya zo gida ya rataya masa leda, a mayar da shi inda aka yi masa aikin a ce a auna gishirin jininsa a ranar.